Yadda ake shafa wa kibiyoyin itace banish na ruwa

Duk wanda ya taɓa ajiye kibiyar itace tsirararta, ba tare da an shafa mata komai ba, tun daga hunturu har damina ta kankama, ya san abin da danshi yake yi mata. Sandar da take miƙe sambal a watan Janairu sai a ɗauko ta a watan Agusta a tarar ta ɗan karkace, ta ƙara nauyi, kuma idan aka harba ta ba ta sauka inda 'yan'uwanta suke sauka. Dalili kuwa shi ne itace ba ya daina shan danshin iska yana fitar da shi ko da an shekara goma da sare shi, kuma aikin banish shi ne rage saurin wannan shiga da fita, tare da kare sandar daga raɓa da datti da gogayya.

Maharban ƙasar Hausa ba su cika damuwa da wannan ba, domin kibiyarsu ta kyauro ce, wanda yake zuwa da nasa santsin a bayansa, kuma ba a sa mata gashin tsuntsu. Kibiyar da ake magana a kanta a nan ita ce irin wadda masu wasan harbin baka na gargajiya suke yi a Amurka da Turai, wadda ake mulmula sandarta daga katako, a sa mata kan ƙarfe a gaba, a manna mata gashin talotalo uku a baya, sannan a sa mata maƙalin tsirkiya na roba. Itacen da ya fi suna a wannan sana'a shi ne sida na Port Orford, wanda yake fitowa a kudu maso yammacin jihar Oregon da arewa maso yammacin Kalifoniya, sai kuma sufurus na Sitka da fir na Douglas, a Turai kuwa an fi amfani da fayin. Ana sayar da sandunan dozin-dozin, tsawonsu yawanci inci 32, kaurinsu kuma 5/16 ko 11/32 ko 23/64 na inci.

Abin da ya kamata a sani game da banish ɗin kansa

Kamar yadda kowa ya san bambancin fentin mai da fentin ruwa, haka banish ma yake da na mai da na ruwa. Na ruwan a cikin gwangwani fari ne kamar madara, saboda ƙananan ƙwayoyin roba ne, na akirilik ko na foliyuritan ko gaurayensu, suke yawo a cikin ruwa. Idan aka shafa shi ruwan ya bushe, sai ƙwayoyin nan su matso su manne da juna su zama fata ɗaya garau wadda ake ganin itace ta cikinta. Minwax Polycrylic da banish na ruwa na Varathane suna cikin waɗanda masu yin kibiya a Amurka suka fi saya, amma duk wani banish na katako da aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa da ruwa da sabulu ake wanke buroshinsa, ɗan wannan gida ne.

Amfaninsa a fili yake. Ba shi da warin nan mai hawa kai irin na banish ɗin da ake sirkawa da tina, yana bushewa cikin kamar awa 2 maimakon a kwana ana jira, kuma ba ya rikiɗa ya koma ruwan ɗorawa idan ya tsufa. Wannan na ƙarshen shi ne ya ja ni gare shi tun farko, domin duk wanda ya yi wa gindin kibiyarsa farin fenti ya rufe shi da banish na mai, bayan 'yan watanni zai ga farin ya koma kamar tsohon haƙori. Sai dai yana da nasa halin da ba a ɓoye shi. Fatar da yake bari siririya ce, ba ta tare danshin iska kamar ta na mai, saboda haka yana buƙatar hawa da yawa. Kuma ruwan da ya sa shi sauƙin aiki shi ne dai abin da muke ƙoƙarin raba itacen da shi, don haka kusan duk dabarar aikin nan ta taru ne a kan yadda za a sa banish ɗin ba tare da an jiƙa sandar fiye da kima ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar sanfefa mai lamba 220 da 320 da 400, da soson roba mai ɗan kaushi, da sifirit, da tsohon tsumman auduga wanda ba ya zubar da zare, da salatif na takarda, da igiyar shanya da maƙalanta, da ƙaramin sikeli mai auna giram ko giren. Giren shi ne ma'aunin da masu kibiya suke amfani da shi, kuma giram ɗaya daidai yake da giren 15 da ɗoriya kaɗan. Abu ɗaya ne kawai ba a yarda ya kusanci wurin aikin ba, wato soson ƙarfe. Masu banish na mai suna goge aikinsu da mai laushinsa mai lamba 0000, to amma a nan ɓurɓushinsa yana maƙalewa a jikin itace, ruwan banish ya same shi ya yi tsatsa. Na taɓa yin wannan kuskuren da dozin guda cur, washegari na tarar da sandunan sun yi ɗigo-ɗigo ja kamar an yayyafa musu barkono, kuma tsatsar tana ƙarƙashin banish ɗin ne, babu abin yi sai kankarewa har itace a sake daga farko.

Shirya sandar

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Da farko a bar sandunan su yi kwanaki a ɗakin da za a yi aikin, a kwance a wuri mai baje ko a tsaye cak, domin su saba da iskar wurin. Idan aka rufe sanda da banish tana ɗauke da danshin damina, an kulle danshin ne a ciki, za ta kuma riƙa sake shi a hankali tana canja siffa. Bayan haka sai a miƙar da su ɗaya bayan ɗaya. Ana mirgina sanda a kan gilashi ko tebur mai santsi, ko a ɗaga ta a kalle ta daga gindi zuwa kai kamar mai saitin bindiga, inda aka ga tudu sai a ɗora shi a kan tafin hannu a lanƙwasa a hankali zuwa ɗaya ɓangaren. Wadda ta yi taurin kai ana iya ɗan gasa wurin da zafi kaɗan kafin a lanƙwasa. Dole ne a gama wannan kafin banish, domin zafi yana sa shi ya kumbura ya yi bororo.

Daga nan sai a auna nauyin kowace sanda a rubuta da fensir a ƙarshen da za a yanke, a kuma duba yadda jijiyoyin itacen suka kwanta a sa alama. Ƙa'idar ita ce tsagar maƙalin tsirkiya ta ratsa layukan itacen a gicciye, sannan tsinin jijiyoyin da suke fitowa kamar harshen wuta a saman sandar su fuskanci gaba, ta yadda idan kibiyar ta karye a lokacin saki, tsagin zai yi sama ne maimakon ya nufi hannun da yake riƙe da baka. Ana yin wannan alamar yanzu ne saboda rini mai duhu yana iya ɓoye jijiyoyin. A feƙe gindin sandar da abin fiƙa na musamman a kan digiri 11 domin maƙali, a naɗe wurin da salatif. Gaban kuwa, wanda ake feƙewa a kan digiri 5 domin kan ƙarfe, a bar shi sai an gama komai.

Sai gogewa da sanfefa mai lamba 220, ana bin tsawon sandar, ba ana murza ta a zagaye ba, domin ƙarzanen da ya gicciya jijiya yana fitowa ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin rini. Kada a matsa hannu, kada kuma a daɗe, saboda duk abin da aka ci daga jikin sanda yana rage mata tauri, kuma taurin nan da shi aka zaɓe ta domin ta dace da ƙarfin baka.

Yanzu kuma sai matakin da masu banish na mai ba su san da shi ba. Idan ruwa ya taɓa itacen da aka goge, ƙananan zaruruwan da sanfefa ta kwantar suna kumbura su miƙe tsaye, sandar ta yi kaushi kamar gemun kwana biyu. Idan aka bari banish ɗin ne ya tashe su, za su sandare a cikinsa a tsaye. Maganin abin shi ne a tashe su da gangan tun kafin lokacin: a jiƙa tsumma a matse shi sosai har ya zama danshi ne kawai a jikinsa, a shafi sandar daga gindi zuwa kai ana juya ta domin kowane ɓangare ya samu daidai, a rataye ta ta bushe sarai, sannan a bi ta da lamba 320 sau biyu ko uku da hannu mara nauyi. Abin nufi shi ne a aske gashin da ya tashi kawai. Wanda ya zurfafa gogewa zai kai ga sabon itace, wanda shi ma zai tashi da zarar ya ji ruwa, ya zama an yi aikin banza. A kula kuma da juya sandar da kyau, domin jiƙa gefe ɗaya a bar ɗaya yana lanƙwasa ta nan take. Bayan ta bushe a sake duba miƙewarta.

Sida na Port Orford yana da maiƙo a jikinsa, wanda shi ne yake ba shi ƙanshin nan da masu kibiya suke so, amma maiƙo da ruwa ba sa shiri. Saboda haka a goge kowace sanda da tsumma mai sifirit daf da fara shafawa, wanda zai ɗauke maiƙon saman da ƙura da gumin hannu gaba ɗaya. Daga wannan lokaci kada a sake riƙe sandar sai ta ƙarshen da za a yanke.

Rini, ga mai so

Ba dole ba ne a rina kibiya, kuma banish na ruwa yana barin itace da ainihin launinsa, wanda wasu suke ganin ya yi fari fat da yawa. Mai son launi yana da hanya uku. Rinin fata da ake narkarwa da sifirit, irin na Fiebing's, yana bushewa da wuri kuma ba ya tayar da gashin itace sosai, shi ya sa masu kibiya da yawa suke amfani da shi, sai dai a goge rarar da ta zauna a sama da busasshen tsumma har tsumman ya daina ɗaukar launi. Rinin ruwa yana da sauƙi, amma banish na ruwa yana iya sake narkar da shi ya ja shi ya yi zane-zane, idan kuma tsoma sandar ake yi a cikin bututun banish ya gurɓata banish ɗin gaba ɗaya. Rinin mai kuwa sai an ba shi kwana 2 ko 3 ya bushe ƙayau, in ba haka ba banish ɗin zai riƙa tsinkewa a kansa kamar ruwa a bayan agwagwa. Ga rinin ruwa da na mai, hawa ɗaya siriri na shalak, wato wani banish da ake narkarwa da sifirit, irin wanda aka cire wa kaki, yana shiga tsakani ya raba rigimar, domin yana kama rini ya riƙe, banish na ruwa kuma yana zama a kansa lafiya.

Hawa na farko da na bayansa

A buɗe gwangwani a juya banish ɗin da tsinke mai tsabta a hankali har abin da ya kwanta a ƙasa ya tashi. Ba a girgiza shi, domin girgiza tana cika shi da kumfa, kumfar kuma tana bushewa a jikin kibiya ta bar ƙananan ramuka. A zuba wanda za a yi aiki da shi a wani mazubi na roba ko kwalba, ana tacewa da tsohuwar safar nailan, kada kuma a mayar da ragowarsa cikin gwangwani.

Ko da wace hanya mutum zai bi daga baya, shawarata ita ce hawa na farko a shafa shi da hannu, siriri ƙwarai. A naɗe ɗan tsumma kamar girman babban yatsa, a tsoma bakinsa, a ja shi sau ɗaya daga gindi zuwa kai, a juya sandar a sake ja, har a zagaye ta. Wannan hawan ba domin ƙyalli ake yin sa ba, aikinsa toshe ƙofofin itacen ne da ɗan ruwa kaɗan, ta yadda idan hawa mai kauri ya zo daga baya ba zai sami hanyar shiga ciki ba. Sandar da aka tsoma tsirararta a cikin bututu tana shan ruwa da yawa lokaci guda, kuma ba abin mamaki ba ne a cikin dozin a sami biyu ko uku sun karkace kafin gari ya waye. Babban abin da ake kiyayewa wajen shafawa da hannu shi ne kada a koma kan wurin da aka wuce, domin cikin ƙasa da minti ɗaya ya fara kamawa, tsumman kuma zai yage shi ya bar gurbi. Idan an tsallake wani wuri a ƙyale shi, hawa na gaba zai rufe.

Bayan kamar awa 2, ko abin da aka rubuta a jikin gwangwani, a taɓa ƙarshen sandar. Idan babu sanyi kuma babu danƙo, a bi ta da lamba 400 ko soson roba. Alamar bushewa ita ce sanfefa ta fitar da farin gari kamar alli. Idan kuwa ta riƙa mulmulo 'yan dunƙule masu danƙo, ba ta yi ba, a ƙara mata lokaci. Wannan gogewa ta tsakanin hawa da hawa wajibi ce, domin banish na ruwa idan ya bushe sabon hawa ba ya narkar da tsohon su haɗe kamar yadda banish ɗin da ake kira lacquer yake yi, sai dai ya kama ƙananan ƙarzanen da sanfefa ta bari. A share garin da tsumma mai ɗan danshi, ba tsumman nan mai danƙo da ake sayarwa domin banish na mai ba, saboda yana barin maiƙo.

Mai ci gaba da hannu zai buƙaci hawa 5 ko 6 kafin fatar ta yi kaurin da za a dogara da shi. Hanya ce mai arha wadda ba ta cin banish, ta kuma dace da mai yin kibiya shida ko dozin ɗaya a shekara.

Tsomawa ita ce hanyar masu yin da yawa, ita ce kuma take ba da santsin nan kamar gilashi. Ana samun bututun roba irin na famfo mai faɗin inci 1 da tsawon kamar inci 36, a toshe ƙasansa da murfi a manne da gam, a ɗaure shi a tsaye jikin ƙafar tebur. Irin wannan bututu yana cin kusan rabin lita. Kada a cika shi har baki, domin sanda mai kaurin 11/32 idan ta shiga gaba ɗaya tana ɗaga banish ɗin sama da kusan inci 4, wanda bai bar wannan sararin ba zai wanke ƙafarsa da banish. Wasu suna manna wuyan gorar roba a saman bututun ya zama mazurari, wanda yake karɓar abin da ya taso da abin da yake ɗigowa.

Banish ɗin yadda ya fito daga gwangwani yakan yi kauri ga tsomawa, saboda haka ana sirka shi da ruwa kaɗan, kamar kashi 1 na ruwa cikin kashi 10 na banish. Kada a wuce haka da yawa, domin ba kamar na mai ba ne da ake iya tsinka shi yadda aka ga dama, haɗinsa yana lalacewa idan ruwa ya yi yawa, sai ya riƙa gudu ya bar wurare tsirara. A yi amfani da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, a tabbata ba mai asid ɗin ba ne, domin ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri yana iya sa shi ya yi hazo. Bayan an zuba a bututu a bar shi ya kwanta rabin awa ko fiye har kumfa ta taso ta mutu.

A soka ƙaramin fil a tsakiyar gindin sandar ya zama mariƙi, a saukar da ita cikin bututun a hankali, kai a ƙasa, har ta nutse zuwa bakin salatif, sannan a zaro ta a hankali ba tare da tsayawa ba. Saurin zarowa shi ne yake yanke kaurin hawan: wanda ya fizgo da sauri zai fito da banish mai yawa, wanda ya jawo sannu zai bar mafi yawansa a bututu. Duk inda hannu ya tsaya kuwa, zobe zai fito a wurin. A riƙe ta a saman bututun ta gama zuba, sannan a rataye ta a igiya da jarida a ƙasa. Wasu suna riƙe ta ta kai su rataye ta gindi a ƙasa, wanda ya fi sauƙi domin ba a buƙatar fil, amma ni na fi son kai a ƙasa, saboda ɗigon ƙarshe da kaurin da yake taruwa suna sauka ne a wurin da za a yanke a yar. Hawa 3 na tsomawa a kan na farkon da aka shafa da hannu sun isa, tare da gogewa tsakanin kowanne, kuma gara a ba kowane hawa awa 4 ko fiye tunda ya fi na hannu kauri.

A nan ne sikelin yake da rana. A auna sandunan bayan kowane hawa, a ga giren nawa yake ƙarawa. Masu kibiya suna son dozin ya kasance bambancin nauyinsa bai wuce giren 10 ba, saboda haka sandar da ta fi sauran rashin nauyi ana iya ƙara mata hawa ɗaya ko biyu ta kamo 'yan'uwanta. Wannan gyara ne na ɗan ƙaramin bambanci kawai, banish ba zai cike giren 40 ba.

Yanayi

Masu yin banish ɗin sun tsara shi ne domin ɗaki mai matsakaicin zafi, wajen digiri 20 zuwa 25, da matsakaicin danshi, kuma ƙasa da digiri 10 ƙwayoyinsa ba sa mannewa da kyau. Mai aiki a ƙasa mai zafi sai ya yi lissafi da nasa yanayin. A bazara da hunturu iska a bushe take, banish yana kamawa kafin ya baje, sai sawun tsumma ya zauna a jiki, don haka a yi aikin da safe ko bayan la'asar, a inuwa, a kashe fanka. Ƙurar hunturu kuwa babu abin da ta fi so kamar jiƙaƙƙen banish. A yayyafa ruwa a daɓe, a rufe taga, a rataye sandunan a cikin dogon kwali ko a bayan labule. Da damina matsalar ta juye, bushewa tana jinkiri, wani lokaci fatar ta yi fari-fari kamar hazo idan danshi ya yi yawa, sai a ninka lokacin jira, ranar da ake tsuga ruwa kuma a haƙura da aikin.

Ado da gashi da gam

Idan za a yi wa gindin kibiya farin fenti da zobba masu launi, ana yin su ne bayan hawa na biyu, domin fenti a kan tsiraran itace yana bin jijiya ya ɓata layi. Fentin akirilik na masu zane shi ne ya fi dacewa, tunda danginsu ɗaya da banish ɗin. A bar shi ya kwana, sannan a rufe shi da hawa siriri na tsomawa ko jan tsumma sau ɗaya tak, domin gogawa tana iya jan launin. Alƙalamin maka yana yawan zubewa a ƙarƙashin banish, kada a yarda da shi sai an gwada.

Gwaji dai shi ne maganar gam ma. Gam ɗin gashi kala-kala ne, kuma kowanne da irin banish ɗin da yake kamawa. Fletch-Tite an yi shi ne domin ya dace da fentin kamfaninsa na Bohning, Duco yana kama wasu banish na ruwa ya ƙi wasu, sufagulu mai kauri da siririn salatif mai danƙo gefe biyu da ake yi domin gashin kibiya yawanci suna kamawa. Hanyar sanin gaskiya ita ce a riƙa tsoma guntun sanda ɗaya tare da dozin tun daga farko, ana yi masa duk abin da ake yi musu. Idan lokaci ya yi a manna masa gashi ɗaya, a bar shi kwana guda, a fizge da ƙarfi. Idan gashin ya yage ya bar ƙashinsa manne, gam ɗin ya yi. Idan ya ɓantare fes, gam ɗin bai kama banish ba. Idan kuma ya taho da fatar banish ɗin har itace ya bayyana, to matsalar tana can ƙasa, wato ba a cire maiƙo ba ko rini bai bushe ba. Kafin manna gashi a ɗan kashe ƙyallin wurin da soson roba, a share da tsumma mai ɗan danshi. Kada a yi amfani da asiton, ruwan nan da ake goge fentin farce da shi, a nan, yana cin banish ɗin, sifirit ma yana tausasa shi idan ya daɗe a kai.

Bayan hawa na ƙarshe a jira aƙalla kwana 2 kafin gashi. Sannan a cire salatif a manna maƙali bisa alamar da aka yi, a yanke sandar daidai tsawon jan mai ita, a feƙe gaba, a wanke cikin kan ƙarfen da asiton domin cire man masana'anta, a manna shi da gam ɗin da ake narkarwa da wuta ko gam mai haɗi biyu. Idan da wuta ne, ƙarfen ake gasawa ba sandar ba, kuma da zarar ya zauna a tsoma kan a ruwan sanyi kada zafi ya hau ya tayar da banish ɗin da yake kusa. Siririn layin itacen da yakan rage tsirara a bayan ƙarfe da gaban maƙali a bi shi da ɗan banish a bakin tsinke, domin ta nan raɓa take shiga.

Bushewa daban, ƙosawa daban. Banish na ruwa yana bushewa ga taɓawa cikin awoyi, amma yana ɗaukar mako 3 zuwa 4 kafin ya kai iyakar taurinsa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, wanda yake da gasa a ƙarshen wata ya fara aikinsa tun farkon wata. Kibiyar da aka harba banish ɗinta bai ƙosa ba, zafin gogayya yana tausasa shi a lokacin da take shiga allon harbi na roba, sai ta manne a ciki ta ƙi fita, idan ta fito kuma a ga ɓurɓushin roba ya liƙe a gabanta. Ko bayan ya ƙosa banish na ruwa ya fi na mai wannan halin, shi ya sa ake goga wa inci 5 ko 6 na gaban kibiyar busasshen sabulu ko kakin zuma kafin a fara harbi, a kuma maimaita idan an ji ta fara tauri wajen zarewa. A kula kada kakin ya kai wurin gashi.

Gaban kibiya shi ne yake fara cinyewa. Idan ya dusashe ko itace ya fara leƙowa, a wanke kakin da sabulun tas, a goge wurin da lamba 400, a shafa hawa biyu da tsumma. Kafin a yi wannan gyaran a lanƙwasa sandar kaɗan kusa da kunne ana juya ta, domin banish yana iya rufe tsaga ido bai gani ba, kuma kibiyar da aka ji ta yi ƙara ko kaɗan ba ta gyaruwa, a cire kan ƙarfenta a karya ta biyu. Banish ɗin da ya rage a bututu kuma a toshe bakinsa da murfi mai kamawa sosai, ko a juye shi a kwalba cikakkiya wadda ba ta bar wa iska wuri ba, a ajiye a inuwa, a sake tace shi da safa ranar da za a tsoma dozin na gaba.